Turmin Zauren Bokaye

Tun da jikokina suka samu wannan wasan na cikin waya ba su da hira sai ta bokaye. Rannan suka matsa mini sai na duba. Na ga wasu tsofaffi masu dogayen huluna, kowa da sandarsa. Aka ce mini ƙungiya ce, su ke naɗa sarki su ke sauke shi, har ranar da wani dodo ya fito daga ƙarƙashin ƙasa ya watsa su. Mutum ya ɗaga sanda wuta ta fito, ya juya tukunya sau biyu magani ya haɗu. Na tambaye su wa ke yi wa mutanen nan daka. Suka yi dariya, suka ce babu daka a ciki.

Shi ya sa na ce a zauna a rubuta wannan. Na yi wa ƙungiyar bokaye aiki shekara talatin da wani abu a nan Magama, bakin boda. Ta yi ƙarfin da masu neman mulki ke cire mata takalmi, ta kuma watse ina kallo, ba dodo ba aljani. Sunana Habsu, amma in kun je tasha kuka ce Habsu ba wanda zai gane. Ku ce Mai Turmi.

Bari in fara raba muku aiki, don yaran yanzu komai a buhu ɗaya suke zubawa. Ni ban taɓa buga ƙasa ba, ban kira iska ba, ban faɗa wa kowa abin da zai same shi gobe ba. Wannan tsakanin masu yi ne da Ubangijinsu. Aikina daka ne. Boka ya kawo saiwa da ɓawo da ganye, in mayar da su gari, in tankaɗe, sannan in shaida abin da ke ciki. Shaidar nan ita ce aikin. Dakan share fage ne.

Dakan farko da na yi na ɓawon marke ne. Gwaggo Ige, yayar mahaifina, ita ke riƙe da turmin ƙungiyar kafin ni, kuma na je wurinta bayan rasuwar mijina, ina da ƙarfi a kafaɗa, ina ganin duk macen da ta daka gero ta iya daka. Ta zuba mini ɓawon ta koma gefe. Na ɗaga taɓarya har sama da kaina kamar mai surfe. Ɓawo ya yi ta tsalle, ƙura ta tashi ja, na yi ta atishawa. Da na gama ta leƙa turmin ta ce, "Ɗiyata, abin da ya tashi sama shi ne maganin. Wanga da ya rage miki itacen wuta ne." Ranar na san ana sare ɓawo ƙanana kafin a zuba, ana shanya shi a inuwa ba a rana ba, ana ɗaure bakin turmi da fata mai huda a tsakiya inda taɓarya za ta shiga, kuma taɓarya ba ta wuce ƙirjin mai daka.

Turmin na itacen ƙirya ne, ya kai mini ƙugu, maza biyu ke ɗaukarsa. Taɓare uku ne. Mai nauyi ta saiwa, marar nauyi ta ganye, sai wata mai ƙarfe a baki ta abin da ya yi taurin kai. Rariya biyu, faifai, gashin kaza na share gindin turmi, da sabuwar ƙwarya ga kowane boka, don ba a zuba kayan wani inda na wani ya kwana. Duk wannan na koya cikin damina ɗaya.

Harshe ne ya ci mini shekara biyu. Gwaggo takan ɗaure mini ido da kallabi ta ɗora mini gari a harshe, daidai abin da yatsa biyu za su ɗauka. Maɗaci ɗacinsa ke fara gaishe ka. Marke bauri ne, ya ɗaure maka baki. Kalgo da ɗan tsami a baya. Hano ba a harshe ake jinsa ba, ta hanci yake fitowa. Da na gane su ɗaya-ɗaya sai ta haɗa uku, daga nan biyar, daga nan bakwai. In na yi kuskure ba ta duka, sai dai ta ce, "Kurkure bakinki, mu koma." Ta hana ni goro, ta hana ni barkono mai yawa, ta hana ni shayi mai zafi. Har yau ba wanda ya taɓa ganin jan goro a haƙorina.

Ga yadda al'adar take. Akwai wani zaure na ƙasa a bayan tasha, nan bokayen ke taruwa duk Alhamis da hantsi, na Jibiya da na Riko da na Kusa, da waɗanda ke tsallakowa daga wajen Ɗan Isa da Maraɗi. Kowa da tabarmarsa, shugabansu kuma shi ne Sarkin Magani. Duk garin da zai fita da sunan zaure, ko ni na daka shi ko daga wani wuri aka kawo shi a dake, sai an juye shi a turmin nan. Mai shi ya faɗi abin da ya sa. Sarki ya ce, "Mai Turmi, mi ke ciki?" In ɗanɗana, in lissafa da ƙarfi kowa na ji. In maganata ta yi daidai da ta mai kaya, Sarki ya ce, "Ya fita."

Wata Alhamis, lokacin tsohon Sarki Bawa, wani boka daga tsallaken boda ya kawo gari ya ce na shawara ne, zai ba wani direban babbar mota da ke jira a ƙofa, an yi masa lodin Maraɗi. Ya lissafa itatuwa huɗu. Na ɗora a harshe na ji huɗun, sai kuma bakina ya fara bushewa ta wata hanya da ba ta marke ba. Na ce, "Akwai na biyar. Zaƙami." Zaƙami kan gusar da hankali, ku duba kuma mutumin da za a ba wa yana shirin riƙe sitiyari. Bokan ya yi rantsuwa, ya ce mace ce ba ta sani ba. Sarki Bawa ya miƙe da kansa, ya naɗe tabarmar mutumin, ya sa masa a hammata. Wannan shi ne hukuncin zaure gaba ɗaya. Ba tara, ba bulala. Amma kafin la'asar direbobi sun kai labarin har Maraɗi, kuma daga ranar ko maganin ƙuda bai ƙara sayarwa a hanyar nan ba.

Daga nan ƙarfin zaure ya fito. Mutumin boda kullum cikin fargaba yake, ko direba ne, ko mai safarar wake, ko matar da ta ɗaura atamfa uku a ciki za ta wuce duwan, wato kwastan ɗin tsallake. Kowa na neman abin da zai riƙe, kuma kowa ya san abin da ya fito daga zaure an ɗanɗana shi a gaban jama'a. Da mutane suka yarda da mu a kan magani sai suka fara kawo abin da ba magani ba. Rigimar lodi tsakanin direbobinmu da na Nijar, a zaure ake kashe ta. Baƙon mai magani bai isa ya shimfiɗa a kasuwa ba sai ya zo ya gaida Sarki. Ma'aikatan boda na ɓangaren nan da jandarmomin can, duk na gan su sun shigo a kayan gida suna sunkuyar da kai.

Da siyasa ta dawo, masu takara suka gane hanya. Mutum zai ajiye motarsa nesa, ya cire takalmi a ƙofa, ya zauna a ƙasa, ya ajiye ƙwaryar goro. In ya tafi a yi shawara. In zaure ya karɓi goron, shi ke nan. In an mayar masa da shi, ba a cewa komai, amma mai kai goron ta cikin tasha yake bi da ƙwaryar a buɗe. Direbobi su gani, su kai ƙauyuka. Na ga mai kuɗin da aka mayar wa goro ya faɗi zaɓe a akwatin ƙofar gidansu. Sarki Bawa bai taɓa taka gidan ɗan siyasa ba har ya koma ga Allah.

Bayansa aka naɗa Labaran. Na girme shi, ina kan turmi ya shigo zaure yana ɗaukar wa ubangidansa jaka, don haka Yaya yake ce mini. Ya san itace, ba zan rage masa ba, kuma yana da baki. A zamaninsa wani ɗan siyasa da muke ce wa Mai Rawaya, saboda hularsa, ya ci zaɓe da goron zaure. Ya aiko da siminti aka shafe ƙasa. Ya aiko da kujerun roba aka jingine tabarmi a bango, tawa kaɗai ta rage a gindin turmi, don ba a tankaɗe a kan kujera. Sannan ya aiko wa Sarki mota. Daga nan goro bai ƙara komawa ba in dai daga ɓangarensa ya fito, na abokan hamayyarsa kuma ko buɗe shi ba a yi. Wata rana na wuce ta ƙofar gidan Mai Rawaya na ga takalman Labaran a waje cikin na masu jiran a sallame su. Na tsaya na duba da kyau don kada in ɗauki alhakinsa. Nasa ne.

Sai mummunar shekara ta zo. Aka rufe boda, motoci suka tsaya a tasha har ciyawa ta fito ƙarƙashinsu. Daji kuma ya gagari shiga saboda 'yan bindiga. Matan Kusa da Riko da ke kawo mana ɓawo da saiwa suka daina zuwa, wasunsu ma sun baro gidajensu suna raɓe a gari. 'Yan uwanmu na tsallake ba hanya. Rumbun zaure da ban taɓa ganin gindinsa ba, na share shi da tsintsiya. Abin da ya rage bai cika ƙwarya biyu ba, shi ma ina tattala shi don mata masu jego.

Cikin wannan hali zaɓe ya matso. Mai Rawaya ya aiko yana son garin tsari da kwarjini, wanda za a raba wa samarinsa na kowace mazaɓa, a buhu. Labaran ya karɓi goro. Na same shi na ce, "Sarki, da mi za a yi?"

"Ki bar mini wannan, Yaya."

Ranar Laraba da yamma na ga an sauke buhuna huɗu daga bayan motarsa. Ba ni na daka ba, a inji aka niƙo. Ya sallami mutane ya zauna a bakin tabarmata, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Gobe Honorabul zai zo da kanshi," in ji shi. "In na tambaye ki, ki faɗi sunayen da kika saba faɗi."

"Mi ke cikin buhun?"

"Abin da ba ya kashe kowa."

"To kada ka tambaye ni. Ka raba kayanka, ni in kwana biyu a gida in ce ƙafa ke ciwo."

Ya ce ba zai yiwu ba. Samarin ƙauye sun ce ba za su sha ba sai Mai Turmi ta ɗanɗana, haka iyayensu mata suka gargaɗe su. Don haka ne ma Mai Rawaya zai zo, a yi a gabansa. Na ce masa in ya tambaye ni a gaban turmi, abin da na ji shi zan faɗa. Ya yi murmushi ya ce, "Ke da kika fi kowa riƙon doka? Kin manta asirin zaure ba ya fita gaban baƙo?" Gaskiyarsa, akwai wannan dokar, kuma ban taɓa karya ta ba. Da ya miƙe sai ya dafa bakin turmin ya ce, "Wanga na zaure ne, Yaya. Ba gadon Gwaggo ba ne." Na gane. Ba ni da gona, ba ni da wata sana'a, turmin nan ke ciyar da ni da marayun ɗana.

Kuskuren Labaran shi ne ya ɗauka tambayar nan ado ce, kamar kirarin da ake yi wa mai sarauta. Shekaru yana jin ina lissafa sunaye daidai da na mai kaya, har ya manta ba maimaitawa nake ba.

Alhamis da hantsi aka kafa rumfa a ƙofar zaure, aka fito da turmi waje, abin da ba a taɓa yi ba. Samari sun cika wurin, kowa ya ɗaga waya. Mai Rawaya ya zauna a kujera da takalmansa. Aka juye kwano ɗaya daga buhu. Labaran ya gyara rawani ya lissafa itatuwa bakwai, masu manyan sunaye, waɗanda rabona da ganin uku daga cikinsu tun kafin daji ya gagari shiga. Sannan ya juyo.

"Mai Turmi, mi ke ciki?"

Na yi bisimilla na ɗauka da yatsa biyu. Na ba shi lokacinsa, don ko maƙiyi ba a yanke wa kayansa hukunci da gaggawa. Na kurkure baki na sake ɗauka.

"Garin katako ne," na ce. "Na wurin masu yankan katako, har da warin man inji. Akwai kanwa. Akwai maɗaci kaɗan, don ya yi ɗaci. Babu na huɗu."

Can daga baya wani saurayi ya ce, "Ashe benci za a dama mana." Dariya ta ɓarke. Labaran ya ce, "Ranka ya daɗe, tsufa ne, harshen ya gaji." Mai Rawaya bai dube shi ba. Ni ya duba ya ce, "Inna, ko za ki sake?" Na ce na riga na sake. Ya kaɗa rigarsa ya shiga mota. Kafin azahar direbansa ya dawo ya karɓi makullin motar Sarki.

Da jama'a suka watse aka mayar da turmi ciki. Labaran ya ce na fitar da asirin zaure gaban baƙo. Na ce haka ne. Ya tambayi bokayen ko akwai mai magana, kowa ya duƙar da kai yana duban siminti. Ya sunkuya ya naɗe tabarmata. Ban bari ya sa mini a hammata ba, na karɓa da hannuna. Na ɗauki rariyata ɗaya, don ita da kuɗina na saya, na fita.

Ban yi nasara a kan kowa ba, kada ku rubuta haka. Shekarar mun sha wuya. Na sayi ɗan turmin miya, na koma ga abin da ke kusa da gida, darbejiya da zogale da sabarar bakin hanya, ina haɗa wa mata na jego da na basir, wata ta kawo gero wata ta kawo godiya. Shi kuwa zaure, hoton ranar ya zaga wayoyi har Maraɗi. Rabin bokayen suka bi abokin hamayyar Mai Rawaya, suka naɗa nasu Sarkin. Da aka buɗe boda na tsallake ba su dawo ba. Masu lasifika suka cika kasuwa suna tallar maganin cuta arba'in a kwalba ɗaya, ba mai ce musu ku zo ku gaida kowa. A zaɓen da ya biyo baya ban ji an kai goro bayan tasha ba. Akwai masu cewa ni na kashe zaure, har a gabana an faɗa. Ba na musu da su. Da na yi shiru wataƙila da ya ƙara shekara biyar. Ban san me zai riƙa fitarwa a shekarun ba.

Bara da kaka Labaran ya yi sallama a ƙofata. Ya rame, ba rawani, sai hula. Ya ce mai wurin zai rushe zaure ya gina shaguna, su ukun da suka rage sun yi shawara.

"Yaya, turmin. Mun ce ke ya kamata ki ɗauka. In kin yarda ma mu riƙa taruwa nan ƙofarki, ko mu huɗu ne, ki riƙa shaidawa kamar da."

Ban ɓoye ba, na so. Na yafa mayafi na bi shi. Turmin na nan a lungu, an kife kwano a bakinsa. Na share shi, na wanke da toka, na sa aka fitar da shi rana. Bayan kwana uku na koma da wuƙa na kankare gindinsa har na kai ga jan itace, na ɗora a harshe. Ƙirya na nan. Amma a bayanta akwai wani ɗaci mai sanyi da ba na itace ba, irin wanda ke maƙalewa a maƙogwaro. Na sake kankarewa can ƙasa, na ji shi dai.

"Labaran, wa ya daka ƙwayar kemis a nan?"

Ya ce bayan tafiyata mutane sun yi ta ƙorafin magani ba ya ci, sai suka fara ƙara ƙwayoyin ciwon jiki a ciki, don mai sha ya ji sauƙi da wuri. Shekara nawa? Ya ce bai ƙirga ba.

"Ya shiga itacen," na ce. "Duk abin da na daka a nan zai fito da shi, kuma in an tambaye ni sai na faɗa."

"Ko an ƙara kankarewa?"

"Sai dai a huda shi."

Ya zauna a kan bulon maginan da aka riga aka sauke, ya dubi turmin. "To mi za mu yi da shi, Yaya?"

"Ku faskara. Amma kada ku ba mai abincin tasha, hayaƙin zai shiga tuwon mutane."

Ya aika aka aro gatari wurin mai itace. Da aka kawo ya riƙe shi ya kasa ɗagawa, sauran biyun kuma suka ce bayansu ke ciwo. Na karɓa na miƙa wa mai gatarin da ya biyo kayansa, na nuna masa inda tsagar take, ta gefen da taɓarya ta fi ci, don ƙirya in ba ta nan aka bi ba sai a wuni ana sara. Na tsaya har ya rabe biyu, sannan na tafi, don na bar saiwa a inuwa kuma rana ta fara juyowa kanta.